A mayar wa garin Halle zanensa mana

Akwai wani gari a gabashin Jamus sunansa Halle, yana bakin kogin Saale, ba nisa da Leipzig, garin gishiri ne tun tale-tale, da kuɗin gishirin ya gina coci-cocinsa da hasumiyoyinsa. A 1929 hukumar garin ta ɗauko wani Ba'amurke mai zane, Lyonel Feininger, ta ce ya zana mata hoton garin guda ɗaya tak, dama kyauta za a yi da shi ga ofishin shugaban lardi da ke Magdeburg. Mutumin nan ya zo ya ga gari, gari ya shiga ransa, aikin hoto ɗaya ya koma aikin shekara biyu, ya tashi da manyan zane na fenti guda 11 da zane na gawayi a kan takarda guda 29. A 1931 garin ya ce ai babu wanda zai rabu da shi, ya saye su duka da kuɗin jama'a ya rataye a gidan tarihinsa na Moritzburg. Shekara shida kacal suka yi a nan. A 1937 gwamnatin Hitler ta aiko mutane aka kwashe su, ko sisi ba a biya garin ba, kuma yau da nake wannan rubutu uku ne kawai daga cikin manyan zanen 11 suke Halle, ɗaya ya salwanta lokacin yaƙi, sauran suna rataye a bangon wasu garuruwan Jamus ɗin, kowa ya san inda suke, kowa ya san yadda aka yi suka bar gida.

Ni dai ra'ayina a kan wannan magana ba shi da kwana-kwana, a mayar wa Halle kayanta. Ba aro na wata uku ba, ba hoto a intanet ba, a mayar.

Nasan wani zai ce malam ina ruwanmu da zanen coci a wani gari na Jamus da ko sunansa ba mu iya faɗa daidai ba, kuma ba na ganin laifin mai tambayar. Abin da ya sa na damu shi ne tambayar da ke ƙarƙashin maganar ba ta Jamus kaɗai ba ce, wato idan gwamnati azzaluma ta ƙwace abu sannan ta rubuta doka da hannunta ta ce ƙwacen ya halatta, bayan ta faɗi shin dokar nan tana nan da ƙarfinta ko ta bi ta? Jamus ta amsa wannan tambaya da kyau a wurare da yawa, shi ya sa ake girmama ta, amma a nan wurin ta yi shiru kusan shekara casa'in, kuma shirun ne yake ci mini rai.

Bari in ɗan faɗi waye mutumin, domin mutane da yawa suna ɗauka Bajamushe ne saboda sunan. A New York aka haife shi a 1871, iyayensa makaɗa ne masu tushe a Jamus, uban goge irin na Turawa yake kaɗawa uwar kuma mawaƙiya ce. A 1887 yana ɗan shekara 16 aka turo shi Jamus ya koyi kiɗa, da ya sauka Hamburg sai ya shige makarantar zane abinsa. Ya yi shekaru yana cin abinci da zanen barkwanci a jaridun Berlin, har jaridar Chicago Tribune ta ɗauke shi a 1906 yana yi mata zane daga Turai. A 1919 da Walter Gropius ya buɗe makarantar zane da ƙere-ƙere ta Bauhaus a Weimar, Feininger na cikin malaman farko da ya kira, kuma shi ya sassaƙa hoton da aka buga a fuskar takardar sanarwar makarantar. Kusan shekara hamsin ya yi a Jamus amma bai taɓa ajiye fasfo ɗinsa na Amurka ba, har lokacin yaƙin duniya na farko ana yi masa kallon ɗan ƙasar abokan gaba yana zaune da matarsa da 'ya'yansa a cikinsu. Lokacin aikin Halle makarantar ta riga ta koma Dessau, daga can yake zuwa.

Wanda ya jawo shi kuwa shugaban gidan tarihin ne, Alois Schardt, kuma shi ya ba shi ɗaki a saman hasumiyar ƙofar Moritzburg ya mayar wurin aiki. Wannan wurin yana da muhimmanci a hujjata don Allah a riƙe shi. Moritzburg tsohuwar fada ce ta manyan limaman coci da aka fara ginawa a 1484 a gefen wani reshe na kogin, daga baya aka mayar da ita gidan tarihi. To a cikin ginin nan aka yi zanen, a ciki fentin ya bushe, a ciki aka rataye, daga ciki aka kwashe. Ba wai wani baƙo ne ya zo yawon buɗe ido ya zana gari ya naɗe takardarsa ya tafi ya sayar wa wanda ya ga dama ba, da haka ne da ban buɗe baki ba, mai zane yana da ikon kayansa. Gari ne ya yi oda, gari ya ba da ɗaki, gari ya biya.

Na daɗe ina kallon hotunan waɗannan ayyuka a waya, ina buɗa su da yatsa ina ƙara girma, kuma na gawayin sun fi kama ni fiye da na fentin. Takarda ce da baƙin gawayi shikenan, babu launi, amma layukan a miƙe suke sak sai ka rantse da rula ya ja su, yana ɗauko layin rufin wani gida ya ƙi tsayawa inda rufin ya ƙare, ya ci gaba da jan shi ya ratsa sararin sama har ya haɗu da wani layin da ya sauko daga hasumiya, sai ya goga gawayin a gefe ɗaya na layin ya bar ɗaya gefen fari, kafin ka ankara sama da kanta ta zama gini mai kusurwa-kusurwa, haske ya farfashe yana saukowa lungu a yanke-yanke. Can ƙasa a bakin takardar ya sa sunansa da kwanan wata da ƙaramin rubutu. Kuma ba daga ka yake ƙirƙira ba, yawo yake yi a lungunan garin da kyamara yana ɗaukar hoto, yana neman inda coci zai leƙo ta tsakanin gidaje biyu, sannan ya hau hasumiyarsa ya zauna da hoton da gawayin.

A tsakiyar kasuwar Halle akwai babban coci da aka gina tsakanin 1529 da 1554, hasumiya huɗu gare shi saboda coci biyu ne aka rushe tsakiyarsu aka haɗe, biyu na gabas har da 'yar gada a sama da ta haɗa su, nan masu gadin gari suke zama suna duban gobara. Gefe guda kuma ga wata hasumiyar ita kaɗai a tsaye, Jar Hasumiya suke ce mata, mita 84, shi ya sa ake wa Halle kirari da gari mai hasumiya biyar. A cocin nan aka yi wa mawaƙin nan Handel baftisma a 1685. A ɗaya daga cikin zanen, wanda yake Munich yanzu, cocin ya cika allon ya karkato kamar zai taso, Jar Hasumiya tana gefen dama, mutane kuma 'yan mitsi-mitsi ne a ƙasa, kowanne ɗan kusurwa uku baƙi yana wucewa. A wani kuma da ya dawo Halle akwai wata 'yar kibiya irin ta alamar hanya da ya bari a cikin hoton har ta zama sunan zanen. Mutumin Munich zai tsaya gaban wannan ya ce kai, wannan ya iya. Mutumin Halle kuwa zai ce ai nan ne nake sauka daga taragon cikin gari, ga lungun da kakata take bi. Ba kallo ɗaya ba ne, kuma na biyun shi aka biya kuɗi domin a samu.

Akwai ma abin da ya fi wannan. Wasu wuraren da ya zana babu su yanzu. Halle ba ta sha ruwan bama-bamai irin na Dresden ko Magdeburg ba, amma a watan Afrilun 1945 harsashin igwa ya cinna wa Jar Hasumiya wuta kanta ya ƙone, sai 1976 aka mayar mata da shi, sannan tsohuwar unguwar Trödel da ke bayan kasuwa, wadda ya zana lungunta, daga baya aka rushe ta aka yi sabbin gine-gine a zamanin Jamus ta Gabas. Yaron da aka haifa a garin yau in yana son ganin yadda wani mai ido ya ga unguwar kakanninsa, sai dai ya shiga jirgin ƙasa ya tafi wani gari ya sayi tikiti. Wannan a wurina ba ƙaramin abu ba ne.

To yaya aka yi ƙwacen? 'Yan Nazi sun tsani irin wannan zane na zamani, suna ce masa gurɓataccen zane, wai aikin mahaukata ne da Yahudawa da 'yan gurguzu. A lokacin bazarar 1937 Goebbels, ministan farfagandar Hitler, ya ba wani mai zane Adolf Ziegler takardar izini ya bi gidajen tarihi ɗaya bayan ɗaya ya tsince duk abin da bai yi musu ba. Sama da ayyuka 16,000 aka kwashe a faɗin ƙasar, Halle kaɗai ta rasa sama da 140, na Feininger kuwa da aka tattara daga gidaje daban-daban sun kusa 400. Ranar 19 ga Yuli 1937 suka buɗe wani baje koli a Munich, suka cusa kusan ayyuka 650 a matsattsun ɗakuna, wasu a karkace wasu ba firam, suka rubuta zagi a bango da farashin da aka saya don a tunzura talaka ya ce dubi inda aka kai harajinmu, mutum sama da miliyan biyu suka shiga kallo, kuma ayyukan Feininger suna cikin waɗanda aka yi wa wannan tozarci. Shi kuwa wata guda kafin nan ya riga ya shiga jirgin ruwa ya koma New York yana ɗan shekara 65, matarsa Julia jinin Yahudawa ce, zama ya gagara. A can ya rasu a 1956.

Sai da suka gama kwasa sannan suka tuna da doka. Ranar 31 ga Mayu 1938 aka fitar da dokar da ta ce gwamnati tana da ikon karɓe waɗannan kaya ba tare da biyan diyya ba, wato an yi ƙwace da shekara ɗaya sannan aka ɗinka masa riga. Daga nan aka shiga sayarwa don a samu kuɗin waje, aka naɗa dillalai huɗu, Hildebrand Gurlitt da Karl Buchholz da Ferdinand Möller da Bernhard Böhmer, aka yi wani babban gwanjo a Lucerne ta Suwizalan ranar 30 ga Yuni 1939, abin da suka ga ba zai sayu ba kuma, dubbai, aka ce an cinna musu wuta a harabar 'yan kwana-kwana a Berlin a watan Maris na shekarar. Ta hannun dillalai da masu tarawa zanen Halle suka watsu, bayan yaƙi suka riƙa ɓullowa ɗaya-ɗaya a kasuwa, waɗanda ke da kuɗi suka saya. Su waye ke da kuɗi? Gidajen tarihin Jamus ta Yamma. Halle ta faɗa ɓangaren gabas, kuɗinsu ba ya sayen komai a kasuwar waje, ga shi kuma gwamnatin gurguzu ita ma a shekarun farko ba ta ƙaunar irin wannan zane, tana cewa na 'yan jari-hujja ne. Wato an cuci garin sau biyu, na farko da aka ƙwace, na biyu da aka fito da kayan kasuwa a lokacin da hannunsa ke ɗaure.

Abin da yafi ba ni takaici shi ne ita dokar 1938 ɗin. Bayan yaƙi ƙasashen da suka ci Jamus sun soke dokokin Nazi da yawa, amma wannan ba a taɓa rushe ta tun daga tushe ba, cinikin da aka yi a ƙarƙashinta har yau ana ɗaukarsa sahihi, saboda haka Halle ba ta da ƙofar kotu da za ta ƙwanƙwasa. Hujjar masana shari'a ita ce wai gwamnati ce ta ɗauki kayan gwamnati, hannun dama ya karɓa daga hannun hagu. Ni wannan bai shige ni ba ko kaɗan. Gidan tarihin Halle na gari ne a lokacin, kuɗin mutanen garin ne, majalisar garin ce ta amince, kuma babu wanda ya tambaye su ranar da aka zo da mota. In har za a ce gwamnatin Hitler haramtacciya ce a ɗabi'a, ana koya wa yara haka a makaranta, ana gina wuraren tunawa, to ta yaya takardar da ta sa wa hannu don wanke satarta za ta zama ita ce garkuwar wani gidan tarihi a yau?

Shi ya sa a 2009 da ɗaya daga cikin zanen Jar Hasumiya ya samu dawowa, sayen shi aka yi, sai da aka haɗa kuɗi daga gidauniyoyi da hukumomi kafin a iya. Garin da ya biya a 1931 aka sake biya masa abin da dama nasa ne. A 2019 kuma da ake bikin cika shekara ɗari da kafa Bauhaus, Moritzburg ta yi wani babban baje koli ta roƙi aron tsoffin kayanta daga ko'ina, aka samu bakwai daga cikin zanen Halle suka haɗu a ɗaki ɗaya, mutane suka yi ta tururuwa, da wa'adi ya cika aka mayar da na aron cikin akwatuna aka kai wa waɗanda suka ba da aro, har da godiya. Mai abu ya koma aron abinsa yana godiya, wallahi wannan abin ya tsaya mini a rai.

Yanzu bari in yi wa ɗaya ɓangaren, wato gidajen tarihin da ke riƙe da zanen, adalci domin suna da magana, kuma ba maganar banza ba ce.

Suna cewa mu da kuɗinmu muka saya, a fili, da rasit, ba mu muka ƙwace ba. Gaskiya ne, kuma ba na kiran kowane shugaban gidan tarihi na yau ɓarawo. Amma ko a kasuwar ƙauye in ka sayi akuya da kuɗinka mai ita ya zo ya nuna shaidarsa, akuya tana bin mai ita ne, kai kuma ka bi wanda ya sayar maka. A nan wanda ya sayar ɗin ita ce gwamnatin Jamus ta wancan lokaci, magajiyarta kuma tana nan a Berlin da baitulmalinta, to ita ya kamata ta biya Munich da Kolon da Mülheim da sauransu diyyar abin da suka kashe, ko ta saya musu wani aikin Feininger ɗin a madadi, mutumin ya bar ayyuka da yawa, na teku da jiragen ruwa da ƙauyukan Thuringia da dogayen gine-ginen Manhattan. Babu wanda ya ce a bar bangon kowa fayau.

Suna kuma cewa, kuma wannan ita ce mai ƙarfin, kowa fa ya yi asara a 1937. Gidan Folkwang na Essen kaɗai ya rasa sama da ayyuka dubu, Kolon ta rasa, Mannheim ta rasa, Hamburg ta rasa, kuma bayan yaƙi kowa ya cike gurbinsa da abin da ya samu a kasuwa, na wannan yana wurin wancan na wancan yana wurin wannan, in aka ce kowa ya mayar to motocin kaya za su yi shekaru suna zagaya ƙasar, a wargaza abin da aka gina cikin shekara saba'in, ga kuma waɗanda suka tsallaka Amurka da Suwizalan da babu mai iya taɓa su. Wannan muhawara ta taso sosai bayan 2013 da aka bayyana tarin zane sama da dubu da aka samu a gidan ɗan shi dillali Gurlitt a Munich, har a 2014 Jutta Limbach, tsohuwar shugabar kotun tsarin mulkin Jamus, ta fito ta ce ya kamata gidajen tarihi su mayar wa juna abin da aka ƙwace, shugabannin gidajen suka taso mata da wannan hujja ta rikicewa, magana ta mutu a nan. Na fahimci tsoronsu. Amma tsoron babban aiki ba dalili ba ne na ƙin yin ƙaramin da yake a bayyane. Ni ban ce a fara da komai da komai ba, zanen doki ko na tulun furanni zai iya zama a kowane gari ya yi ma'anarsa. Ina magana ne a kan aikin da gari ya yi odarsa, aka yi shi a cikin garin, kuma hoton garin ne da kansa. Nawa ne irin wannan a duk cikin dubban da aka kwashe? Ba su da yawa. A ja layin a nan, mota ɗaya ta isa.

Akwai ta uku wadda ba kasafai ake faɗa da ƙarfi ba amma ita ta fi sa ni tunani, wato ita Halle ɗin hannunta a wanke yake? A'a. Tun 1935, kafin ma a aiko daga Berlin, an riga an sauke irin waɗannan zane daga inda suke an tara su a wani ɗaki na daban a cikin Moritzburg ɗin don a nuna su a matsayin abin kunya. Shi kansa Schardt da ya kawo Feininger ya yanki katin jam'iyyar Nazi a 1933 yana tunanin zai iya shawo kansu su karɓi zanen zamani, bai yi nasara ba, suka kore shi, ƙarshe shi ma Amurka ya gudu. To mutanen gari da yawa sun yi tafi lokacin da ake wannan aiki, babu amfanin ɓoyewa. Sai dai in wannan ne ma'auni, wane gari ne a Jamus zai tsira? Munich da aka yi baje kolin tozarcin a cikinta, wadda su 'yan Nazin da kansu suke kira hedikwatar tafiyarsu, ita ce ta cancanci riƙe cocin Halle? Laifin kakanni bai ba wani garin da kakanninsa suka yi irin laifin ikon gadon kayan ba. Ni a ganina ma dawo da su shi zai sa a ba da labarin gaba ɗaya a wurin da ya faru, ga ɗakin da aka zana, ga ɗakin da aka wulaƙanta, ga ƙofar da aka fitar.

Kada kuma a haɗa wannan da kayan da aka ƙwace daga hannun Yahudawa, waɗanda aka kashe masu su ko aka kore su, wancan ya fi nauyi nesa ba kusa ba, akwai jini a kai, kuma tun yarjejeniyar Washington ta 1998 akwai hanyar da ake bi ko da tana tafiyar hawainiya. Wancan shi ne gaba, babu jayayya. Amma yin wancan bai hana yin wannan ba.

Mu 'yan Najeriya ma mun ga Jamus ta yi abin da ya fi wannan wuya. Kayan tagullar masarautar Benin sojojin Ingila ne suka wawashe a 1897, gidajen tarihin Jamus kuwa saya suka yi a kasuwa da rasit ɗinsu, daidai irin hujjar da ake kawowa a kan Halle. Duk da haka a Yulin 2022 Jamus ta sa hannu ta sallama mallakar sama da guda 1,100, a Disamba ministar harkokin wajensu ta wancan lokaci Annalena Baerbock ta kawo kashin farko Abuja da kanta. Birnin Kolon kaɗai ya sallama 92. Ban ce abu ɗaya ba ne, a Benin an ƙona gari an kashe mutane an kori sarki, amma ƙa'idar da suka amince da ita a ranar ita ce rasit ba ya wanke abin da aka fara da ƙwace. To shi wannan birnin na Kolon, a gidan tarihinsa na Ludwig, akwai zanen hasumiyoyin Halle na 1931. Wanda ya iya aika kaya Najeriya saboda gaskiya, me zai hana shi aika ɗaya tafiyar 'yan sa'o'i a cikin ƙasarsa?

Wani abokina da muka yi wannan hira ya ce ai yanzu zamanin intanet ne, duk suna nan a waya, ni kaina a waya na gani, to meye na tada jijiyar wuya. Na ce masa daidai, a waya na gani kuma na gode wa waɗanda suka sa, amma abin da waya ta ba ni shi ne sanin cewa akwai abin, ba ta ba ni girman allon ba, ba ta ba ni yadda gawayi ya kwanta a ƙwayar takarda ba, kuma ba ta ba ni in fito daga ɗakin in taka minti goma in tsaya a daidai inda mutumin ya tsaya da kyamararsa in ɗaga kai ba. Wannan na ƙarshen gari ɗaya ne a duniya zai iya bayarwa. In kuwa hoton waya ya wadatar, to ai hujjar ta juya kansu, su riƙe hoton su aika da na ainihin.

Kuma su 40 ɗin nan aiki ɗaya ne, ba tarkace ba ne da aka tsinto. Mutum ɗaya, gari ɗaya, shekara biyu, yana zagaya coci ɗaya ta gabas ta yamma da rana da dare, na gawayin suna nuna yadda ya fara lalube, na fentin suna nuna inda ya tsaya. In ka raba su gari-gari kowa ya samu shafi ɗaya, babu mai karanta littafin. Na takardar ma nasan ba a barin su a haske kullum don suna dusashewa, wata uku a bango sai a mayar da su aljihun ajiya su huta, to in dai ajiya za su zauna mafi yawan lokaci, me zai hana su zauna a ajiyar Moritzburg inda za a riƙa fito da su bi da bi kusa da 'yan'uwansu?

Abin da nake ganin ya kamata ba ya ma buƙatar kotu. Gidajen da ke riƙe da su kusan duk na jama'a ne, na birni ko na jiha, majalisun birane da gwamnatocin jihohi su suke da ikon cewa e, kamar yadda majalisar Kolon ta ce e a kan kayan Benin. Gwamnatin tarayya ta ware kuɗin diyya, gidauniyar al'adu ta jihohi wadda dama ta taimaka a sayen 2009 ta shiga tsakani, wanda dokar wasiyyar mai kyauta ta ɗaure masa hannu ya ba da aro na dindindin ba mai wa'adi ba, ita kuma Halle ta yi alƙawarin ba su aro in suna da biki. Majalisar dokoki ta Berlin kuma ta fito fili ta ce dokar 31 ga Mayu 1938 ba doka ba ce tun ranar da aka rubuta ta, ko da za ta taƙaita abin da hakan zai jawo a kan cinikin da ya riga ya wuce. A 2031 za a cika shekara ɗari da ranar da garin ya biya kuɗin zanen nan, lokacin da ya rage ya ishi kowace majalisa ta zauna ta kaɗa ƙuri'a, kuma Kolon ce ya kamata ta fara.